Zaman tabarma: yadda za ki haɗa rukunin yara masu damuwa ba tare da kin tafka irin shirmen da na tafka ba

Ranar da na fara wannan abin shirme na yi, gara in faɗa tun farko dan kar wata ta maimaita. Yara 23 na tara a ajin Islamiyyarmu nan Agege, na tsaya gaban allo da alli a hannu na kusa cinye awa guda ina zuba musu nasiha kan haƙuri da tawakkali, da na gaji nace toh duk mai damuwa ya ɗaga hannu. Tsit kamar ruwa ya cinye su, ba abinda kike ji sai janareton mai askin da ke ƙasanmu. Can wata yarinya 'yar shekara 9 ta ɗaga, tace jiya babanta ya mari mamanta ita kuma ta kasa bacci. Ni a raina nace yauwa an fara samun nasara. Kafin magariba labarin ya zaga gidan hayarsu kaf, kin dai san gidajen nan namu na fes-mi-ai-fes-yu, ɗakuna jere banɗaki ɗaya, ko atishawa kika yi daga ɗakin ƙarshe za a amsa miki. Washegari uwar ta zo ko sallama bata ƙarasa ba tace "Malama, dama tonon asiri kuke koyarwa a nan?" Ba ni da bakin magana, haƙuri kawai na dinga bayarwa, yarinyar kuwa sai da ta yi sati uku bata taka makarantar ba.

Abinda ya sa ma na fara tunanin abin, a 2022 ne lokacin da gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a Ikeja da Surulere da Apapa da su Eti-Osa tun daga 1 ga watan Yuni, ana kama mashin ana murƙushewa. Iyayen yaranmu da yawa sana'arsu kenan, Ikeja kuma ga ta nan kusa da mu, wasu aka kama nasu, wasu suka tattara suka koma Arewa suka bar iyali sai an ga hali. Sai na fara ganin canji a aji, yaron da ya fi kowa hadda ya koma sai gyangyaɗi, wani kuma ko kallonsa aka yi sai dambe, wata kullum ciwon ciki kuma an je kemis an je asibiti ba a ga komai ba. Mu kuma abinda muka iya ɗaya ne, dorina, in ta ƙi aiki a ƙara wata.

Turawa suna da suna ga abinda zan bayyana, guruf terafi, wato a haɗa mutane kaɗan masu damuwa iri ɗaya suna zama a kai a kai da mai jagora, kowa na jin na kowa. Ba sabon abu bane. Tun 1905 wani likita a Boston ta Amurka, Joseph Pratt, ya fara tara masu tarin fuka aji guda yana koya musu kula da kai, sai ya lura zaman da suke yi da juna shi kansa yana ƙarfafa musu gwiwa. A shekarun 1930 kuma Samuel Slavson a Niyok ya yi wa yara nasu, shi kuwa ko dogon zance babu, kayan aikin hannu yake zube musu suna yi tare a ƙarshe a ci ɗan abinci. Mu ma nan gida a 1954 Farfesa Thomas Lambo ya kawo tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda mara lafiya ke zama cikin mutanen gari tare da ɗan uwansa maimakon a kulle shi a ɗaki shi kaɗai. Amma fa ki riƙe wannan da kyau, asalin jinyar aikin wanda ya karanci abin ne, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ko ma'aikacin jin daɗin jama'a. Ni da ke abinda za mu iya shi ne rukunin tallafi, wajen da yaro zai koyi sanin abinda ke ransa da yadda zai zauna da mutane. Ni ma sai bayan waccan kunyar na nemi wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Bayarabiya ce mai kirki, ta zaunar da ni ta gyara min tsarin, har yau in abu ya shige min duhu ita nake kira. Ki nemi irinta kafin ki shimfiɗa tabarma. Da "ki" nake magana dan yawancin masu tambayata mata ne, amma malamai maza ku ma da ku nake, yaran maza da suka fara tasawa ma ku suka fi buƙata.

Toh abu na farko iyaye. Kar ki kuskura ki furta "taɓin hankali" ko "matsalar ƙwaƙwalwa" a ƙofar gidan mutum, daga nan an gama da ke, za a ce kin ce ɗansu mahaukaci ne. Ni cewa nake "Maman yara, akwai wani ɗan zama da muke yi duk Asabar, muna koya wa yara haɗiye fushi da iya magana da zama da mutane, na ga zai amfani wane, in kun yarda." Kuma ki tabbata uban ya sani da bakinki, ko a waya ne, dan mazan nan tun asuba sun tafi kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba sai bayan isha'i ake ganinsu, in labari ya riske shi ta bakin wani sai ya ga an raina shi. Limamin unguwa da shugaban makaranta su ma su sani, ba dan komai ba sai dan ranar da magana za ta taso ki samu masu tsaya miki. Wanda yace a'a ki ƙyale shi, shi kansa yaron ma a tambaye shi, in baya so kar a tilasta masa, zaman da aka kawo yaro da bulala ba zai haifar da komai ba.

Sai zaɓen yaran, nan ne fa ake yin ta ko a ɓata ta. Daga 6 zuwa 8 sun isa, in suka wuce haka aji kika buɗe. Shekarunsu su zo kusa, 'yan 7 zuwa 9 daban, 'yan 10 zuwa 12 daban, kar ki haɗa mai 7 da mai 13 dan ƙaramin zai zama ɗan kallo ne ko ɗan aike. Da zarar sun fara balaga ki raba maza da mata, budurwa ba za ta taɓa buɗe baki gaban samarin layinsu ba. Kar ki haɗa wa da ƙani, 'yan uba kuwa ko da wasa, duk abinda ɗaya ya faɗa kafin ki naɗe tabarma ya isa ɗakin kishiya. Kar ki haɗa mai cin zali da wanda yake zalunta. Kuma abinda kowa ke fara tunani, wato bari in tattaro duk fitinannun makaranta waje ɗaya in gyara su, wannan shi ne mafi muni, masu bincike a Amurka sun daɗe da gano cewa in aka tara yara masu tashin hankali zalla junansu suke koya wa iskanci, kowa na ƙoƙarin burge ɗan uwansa. Fitinanne ɗaya, in ya yi yawa biyu, ki cakuɗa su da masu sanyi da masu kunya da 'yar surutu guda ɗaya da za ta dinga fasa shirun. In kin fara kuma ƙofa ta rufu, ba a sa sabon yaro a sati na huɗu, sai ya jira zagaye na gaba.

Waje, ko ina ne in dai ana iya sakaya ƙofa kuma ba mai laɓe a taga. Ku zama manya biyu kullum, kar ki taɓa keɓewa da yaro ke kaɗai, wannan kariya ce gare shi kuma gare ki. Hoto haramun ne a zaman nan, kar in ga an ɗora yaran mutane a status wai ana aikin alheri. Lokaci minti 45 ga ƙanana, awa ɗaya ga manya, rana ɗaya lokaci ɗaya duk sati har sati 8. Ni Asabar da hantsi na zaɓa, dan Lahadi lasifikar cocin da ke bayanmu bata barin ki ji ko muryar kanki, da yamma kuma yaran ana aikensu ko suna talla. Da damina in aka tashi da ruwan nan na Legas da ke cika kwata ya shafe layi, ki aika a sanar an ɗaga, kar yaro ya keto ruwa ya tarar da ƙofa a rufe, irin yaran nan an sha saɓa musu alkawari.

Ki ajiye alli, ki ajiye dorina a wani ɗakin ma gaba ɗaya, ki zauna a ƙasa cikin da'irar kamar kowa. Wannan ya fi komai yi min wahala wallahi, mutum ya saba tsayuwa a kan yara yana ba da umarni. Amma duk sirrin abin yana nan, yaro ba daga bakinki zai samu sauƙi ba, daga bakin ɗan uwansa yaro ne. Ke aikinki tsaron da'irar, kar a yi wa wani dariya, kar wani ya cinye lokacin kowa. In kika ji muryarki ta fi ta yaran yawa toh kin koma wa'azi, wa'azi kuma suna samunsa safe da yamma.

Zaman farko na ƙa'ida ne, kuma su za su kawo ƙa'idojin da bakinsu ke ki rubuta a kwali. Za su ce ban da zagi, ban da duka, ban da dariya. Ke sai ki ƙara biyu. Na ɗaya riƙon amana, ni da karin maganar nan nake shigar musu, ciki ba dan tuwo kaɗai aka yi shi ba, abinda ɗan uwanka ya faɗa a tabarmar nan a nan ya tsaya, naka labarin kana iya ba mamanka amma na wani amana ne. Duk da haka ki sani yaro yaro ne, wani zai yi suɓul da baka, shi yasa nake ce musu a da'ira muna faɗin yadda muke ji ne, ba sai an kama sunan wanda ya yi abu a gida ba, in maganar mai nauyi ce a same ni da anti, wato abokiyar aikina, bayan an tashi. Da na san wannan tun farko da waccan yarinyar bata shiga uku ba. Na biyu ki faɗa musu gaskiya ƙarara, "in na ji wani yana cutar da kai, ko kai kana son cutar da kanka, ba zan ɓoye ba, zan gaya wa wanda zai taimaka, amma kai zan fara sanarwa." Kar ki taɓa rantse wa yaro cewa ba za ki faɗa wa kowa ba tun baki ji maganar ba.

Muna da ludayi, na duma irin na shan fura, shi ne ludayin magana. Wanda yake riƙe da shi shi kaɗai ke magana, in ya zo hannunka baka da abin faɗa ka miƙa gaba ba wanda zai ce maka don me. Abin kamar wasa amma shi ya kashe min hayaniya. Ina kuma da ƙwarya cike da murafun kwalbar lemo kala-kala, ja fushi, baƙi baƙin ciki, ruwan ɗorawa tsoro, kore kwanciyar hankali, fari murna. Duk zama bayan sallama da addu'a kowa zai ɗebi murfin da ya yi daidai da satinsa ya ajiye a gabansa, yana iya ɗaukar biyu ko uku. Dalili kuwa, in kika tambayi ɗan Bahaushe ya kake, lafiya lau zai ce ko da cikinsa na ci da wuta, haka muka tarbiyyantar da su, amma hannu yana ɗaukar abinda baki ya kasa faɗa.

Akwai wani yaro ɗan shekara 11, babansa na cikin waɗanda aka kama wa mashin ya koma gida Arewa. Sati uku ludayi na zuwa hannunsa yana miƙawa gaba, kullum kuma jan murfi yake ɗauka, ya zauna yana murza shi a tafin hannu kansa a ƙasa. Abokiyar aikina har ta fara cewa Malama wannan ɓata lokaci muke, nace a bar shi tunda yana zuwa da ƙafarsa. A sati na huɗu wani ƙaraminsa kaɗan ya ɗauki ruwan ɗorawa yace shi in dare ya yi ya ji an buga get sai gabansa ya faɗi, yana zaton mai gida ne ya zo watso musu kaya dan ba a biya haya ba. Ludayi ya zagayo kan wancan, muka ga bai miƙa ba. Ya daɗe yana kallon murfin hannunsa sannan ya mayar da jan cikin ƙwarya ya ɗauko ruwan ɗorawa, yace "ni ma." Shikenan abinda ya faɗa ranar. Ni kuwa na danne bakina da ƙyar dan nasiha ta zo min har maƙoshi, nace kawai "ashe ku biyu ne." Da aka tashi na hango su ta taga suna tafiya tare suna raba fanke ɗaya. Daga baya ne muka gane duk damben da yake yi a makaranta tsoro ne, a zatonsa shi kaɗai ne a duniya ake bin gidansu bashi.

Shi yasa sati biyu zuwa uku na farko ba abinda muke yi sai koyon sunan abinda ke rai. Hausa ba ta rasa kalmomi ba ai, haushi daban, takaici daban, fargaba, kewa, ƙunci, kishi, jin kunya, amma yaro duka sai ya dunƙule su a "raina ya ɓaci" ko ma ya kai naushi kawai. Muna wasan fuska, ɗaya ya kwaikwayi yanayi ba magana saura su canka, tunda labarin zuciya a tambayi fuska. Muna zana mutum a kwali kowa ya nuna inda fushi ke sauka a jikinsa, wani yace kai, wani ƙirji, 'yar ciwon cikin nan kuwa ciki ta nuna da aka zo kan tsoro, a nan na fahimci ciwon nata. Kuma dan Allah kar ki tsaya gyaran harshe, yaran Legas in abu ya taɓa su da gaske wani da buroka zai fito masa, wani ya haɗa da Yarbanci, in kika ce "yi Hausa mana" kin toshe rijiyar.

Tatsuniya tana aiki fiye da tambaya kai tsaye. Ki ce ga ta nan ga ta nanku, ki ƙirƙiro yaron da aka kawo Legas daga ƙauye wajen kawunsa, a makarantar boko ana tsokanarsa ana ce masa aboki ana dariyar Turancinsa, sai ki tsaya a tsakiya ki ce toh me yake ji, me zai yi? Za ki sha mamaki, kowa labarin kansa zai ba ki a bakin yaron tatsuniya kuma ba wanda ya tona kansa. Ina kuma ba su labarin Abu Umair, ƙanin Anas bin Malik, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu Manzon Allah (SAW) ya gan shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Wannan hadisin iyaye ma nake karanta wa, dan duk mai cewa yaro me ya sani da damuwa a nan yake yin shiru.

Daga sati na huɗu sai dabaru. Numfashi na farko, ina ce musu ku shaƙi ƙamshin tsire ta hanci a hankali har ciki ya taso, sannan ku hura koko mai zafi ta baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, sau biyar. Ranar farko dariya za su yi ta yi, ki bar su, ku maimaita duk sati har ya zama jiki, dan ba ranar da gobara ta tashi ake haƙa rijiya ba. Ki haɗa musu da abinda suka riga suka sani, mai fushi ya yi a'uziyya, in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala. Sai warware matsala ta hanyar wasan kwaikwayo, wani ya fito a mai ƙwace maka biro ko mai shiga gabanka a layin ɗiban ruwa, a tsaya, kowa ya kawo abinda za a iya yi har da na banza irin "in fasa masa baki", ki rubuta duka kar ki yi tsawa, sannan a bi ɗaya bayan ɗaya, in ka fasa masa baki me zai biyo baya? Su da kansu za su watsar da shi. A zaɓi guda a gwada cikin sati, Asabar a kawo labari. Akwai kuma aikin gida mai sauƙi ga masu ƙunci da suka daina wasa, kowa ya zaɓi abu ɗaya da yake jin daɗinsa da, ƙwallo ne, carafke ne, kitson 'yar tsana ne, ya yi shi ko baya jin yi.

In kina son tsari rubutacce ki nemi wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2023 mai suna EASE, na yara 'yan 10 zuwa 15 ne, zama 7 na yara da 3 na iyaye, kyauta yake a intanet, kuma dama dan irinmu aka yi shi waɗanda ba likitoci ba, da sharaɗin a horar da mutum kuma a samu ƙwararre mai duba aikinsa. Hukumar ce ma tace cikin duk yara 7 'yan 10 zuwa 19 ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, ki ƙirga yaran ajinki ki gani.

Zaman iyayen nan kar ki tsallake shi, in ba haka ba kina saƙa ana warwarewa. Kin koya wa yaro ya ce "raina ya ɓaci" ya je gida ya faɗa an kwaɗa masa mari an ce rashin kunya aka koyo. Ni ina tara iyaye mata sau biyu ko uku, ba na ba su labarin abinda yaransu suka faɗa ko sun roƙa, abinda muke koya kawai nake nuna musu, su ma su yi numfashin kokon, in roƙe su minti goma a rana su saurari yaro ba gyara ba faɗa, kuma in ya yi abin kirki a faɗa masa a gabansa. Kunyar ɗan fari na hana wasu, sai nace toh ko kakarsa ko gwaggonsa ta yi. Sau da yawa zaman iyayen ne ke komawa koke-koke, dan su ma a cike suke.

Kuka zai zo a da'irar yara ma. In yaro ya fashe kar ki ce yi shiru, kar ki ce namiji baya kuka, ki miƙa masa ruwa ki bar shi ya yi, in yana son fita abokiyar aikinki ta raka shi bakin ƙofa. In wani ya fara ba da labari mai firgitarwa dalla-dalla, jini ko gawa ko abinda ya gani a rikici, akwai yaran da suka taso daga Borno ko Zamfara da irin wannan a ransu, ki tare shi da taushi, "ɗana wannan magana ce babba, ni da kai da anti za mu zauna a kanta in an tashi," dan kar sauran su kwashi tsoron su kai gida. Kuma ki cika alkawarin a ranar.

Yanzu inda aikinki ya ƙare. In yaro yace gara ya mutu ko yana yanka jikinsa, in yana jin muryoyi ko ganin abinda ba kowa ke gani ba, in ya fi sati biyu baya ci baya bacci baya son komai, in fitsarin kwance ya dawo bayan ya daɗe da dainawa ga firgita cikin dare, in kin ga alamar sholisho ko ƙwaya, wannan ya wuce tabarma. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda yake nan tun 1907, yana da sashen yara da matasa a Oshodi, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba cikin 'yan uwanmu Hausawa, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Iyaye za su ce aljanu ne ko sammu, ni ba na musu da su, cewa nake a ci gaba da addu'a da ruƙiyya amma a haɗa da asibiti, in ya kama in raka su sai in raka su dan da yawa tsoron Turanci da layin kati ne ke hana su. In kuwa lalata aka yi da yaro ko yarinya, babu zancen a rufa a sasanta a gida, akwai cibiyar Mirabel a cikin LASUTH tun 2013 kuma kyauta suke dubawa, akwai hukumar jihar Legas mai kula da cin zarafi a gida da fyaɗe, ga lambar gaggawa 767 ko 112, kuma a hanzarta dan maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Jihar nan tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, doka na bayanki. Kar ki tsaya yi wa yaron tambayoyin 'yan sanda, ki saurara, ki ce na yarda da kai kuma ba laifinka bane, ki rubuta abinda ya faɗa da kalmominsa, sauran ki bar wa masu aikin.

Kuɗin abin ba yawa, kwali da kalar zane da ledar fiyawota da ɗan abin taɓawa, fanke ko biredin Agege a yanka. Abincin a ƙarshe ake ci kuma tare, kar ki mai da shi ladan wanda ya yi magana, har wanda bai ce uffan ba rabonsa daidai da na kowa.

Rufewa kuma tun sati na shida ake fara sanarwa, saura biyu, saura ɗaya, dan yaran da aka saba tafiya a bar su ba sallama in kika yanke kwatsam kin ƙara musu wani. Wasu za su dawo da fitina a satin ƙarshe, ba lalacewa aikin ya yi ba, rabuwar ce ba sa so. Ranar ƙarshe kowa zai zauna a tsakiya bi da bi, ludayi ya zagaya kowa ya faɗi abu ɗaya mai kyau da ya gani a wajensa, anti tana rubutawa a 'yar takarda a ba shi ya tafi da ita, sannan kowa ya zaɓi murfi ɗaya daga ƙwarya ya zama nasa. Bayan wata guda ki sake kiransu zama ɗaya a ga juna, ki kuma tambayi iyaye da malaman aji ko sun ga canji a bacci da faɗa da zuwa makaranta, wanda bai motsa ba ko ya ƙara lalacewa ki kai maganarsa wajen ƙwararriyar da ke duba aikinki. Ke ma ki huta sati biyu ko uku kafin ki ɗauki sabbin yara, kuma ki fara tara wasu murafun tun yanzu, kore ne ke fara ƙarewa.